Baduku da Ya Kai Ƙarar Katanga

An ce wai a wani gari da ake kira Kukar Rafi an yi wani baduku mai suna Mijinyawa, wanda ya shekara talatin sallar asuba ba ta kuɓuce masa a jam'i ba. Shi ba malami ba ne, ba kuma attajiri ba. Abin da ya mallaka, wanda yake jin daɗinsa a zuci ba tare da ya faɗa wa kowa ba, shi ne 'yar tafiyar nan ta sanyin asuba daga ƙofar gidansa zuwa masallaci, da gurbinsa a sahun farko kusa da ginshiƙi.

Yana da maƙwabci, Shekarau, wanda matarsa Delu ke toya waina. Kullum kafin kiran farko takan hura wuta, jan hasken ya tsallako gajeriyar katangar da ke tsakaninsu, ya shigo ta tagar Mijinyawa, ya yi ta rawa a bango. Da ya buɗe ido ya gan shi sai ya tashi, ya ɗauki buta.

Ana nan, ƙarshen wata damina, Allah ya yi wa matarsa Tabawa rasuwa. Dangi suka zauna da shi har sadakar arba'in, sa'an nan kowa ya kama gabansa, gida ya yi tsit. A makon nan ne kuma Shekarau ya ɗaga katanga ta fi tsayin mutum, domin wata rana tartsatsi ya tsallaka, saura ƙiris ya kama jinkar Mijinyawa.

Tun daga nan asuba ta gagari baduku. Sai ya farka ya ji ana daka a maƙwabta, kaji sun sauko, rana ta leƙo. Ya yi alwala jiki a sanyaye, ya yi sallarsa shi kaɗai a tsakar gida kamar baƙo. Ya roƙi ladan ya riƙa buga masa ƙofa. Ladan ya buga har ya gaji. Da aka kwana biyu, wani ya tsaya a gurbinsa kusa da ginshiƙi, babu wanda ya ce don me. Wannan ya fi kome yi masa ciwo.

Ya sami Shekarau ya ce, "Maƙwabci, ka rage mini katangar nan ko da kamu biyu ne."

Shekarau ya ce, "Haba Baduku! Don ɗakinka na ɗaga ta. In ya ƙone da kai a ciki, me zan ce wa Allah?"

Ya koma sau uku, bai samu ba. Ran nan sai ya sa rigarsa ta Juma'a, ya nufi zauren Alƙali Ilyasu, mutum mai sanyin magana, wanda ba ya yanke hukunci sai ya ji ƙarshen zance.

Mijinyawa ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ban zo neman gona ko gado ba. An tare mini hasken da ke tashe ni salla. Wata uku ke nan ban ji liman ya ɗaga murya da karatun asuba ba. Tsufa ya zo mini, ban san asuba nawa ta rage mini ba, ga shi ana ɗebe mini su ɗaya bayan ɗaya."

Aka kira Shekarau da Delu. Shekarau ya faɗi dalilinsa. Delu kuwa ta gyara mayafi ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ni wutata ta waina ce, ba ladan ba ce. Shekara talatin yana tashi da ita, ko sau ɗaya bai ce Delu sannu da hayaƙi ba."

Mutane suka yi dariya, alƙali ma ya murmusa. Amma al'amarin ya yi nauyi: in ya ce a rushe katanga, ya buɗe wa gobara hanya, in ya ce a bar ta, ya sallami dattijo da hawayensa. Ya daɗe yana duban mai ƙara. Ya ga idanunsa sun yi ja, ya ga bakin hularsa ya yi baƙi da hayaƙin fitila.

Sai ya ce, "Malam Mijinyawa, ƙararka ta haske ce, ni kuwa ba zan san abin da aka tare maka ba sai na ga abin da ya rage a gidanka. Fitila nawa gare ka?"

"Aci-balbal ɗaya ce, ita nake ɗinki da ita."

"To, ka kawo ta nan ta zama shaida, ta kwana goma a hannuna, kada kuma ka ari wata. Ɗinkinka ka fito da shi ƙofar gida da hantsi, ka fuskanci gabas. In barci ya ɗauke ka da rana, kada ya wuce tsakanin azahar da la'asar, shi ma kaɗan. In a cikin kwana goman nan ka makara sau uku, ka ci shari'a, za a rage katanga. In ba ka kai uku ba, ka faɗi."

Shekarau ya zabura. "Allah ya gafarta Malam, ai sai ya yi kwanciyarsa da gangan ya kayar da ni!"

Alƙali ya ce, "Zauna, Shekarau. Wanda ya sa rigar Juma'a ya zo kuka a kan asuba ba zai sayar da asubar a kan katanga ba."

Mijinyawa ya kawo fitila, ya koma gida yana jin an yi masa hukuncin da bai gane kansa ba. Da aka idar da isha'i ya shiga ɗaki, hannunsa ya kai inda fitila take zama, ya tarar da wayam. Babu fata, babu zare, babu abin da zai sa a gaba. Ya kwanta a duhu, sai ga abin da ya yi wata uku yana gudu ya zo ya same shi: gefen shimfiɗar da babu kowa, da shirun da babu tarin Tabawa a cikinsa. Ya yi ta juyi, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Gari ya waye ya makara. Kwana na biyu ma haka.

Shekarau ya wuce shi da hantsi yana ɗinki a rana, ya ce, "Saura ɗaya, Baduku. In nemo magina?"

Mijinyawa bai ɗaga kai ba. Ya san in ya sake makara ya ci shari'a, ya kuma san ba shari'ar yake so ba.

A rana ta uku, ga zaman hantsi, ga gajiyar kwana biyu, yana kwanciya bayan isha'i barci ya yi gaba da shi. Can sai ya buɗe ido. Babu haske a bango, babu wanda ya buga ƙofa. Ya yi lamo yana sauraro, yana tsoron jin tabarya. Sai ya ji ladan ya yi gyaran murya.

Ya ɗauki buta ya fita. Iskar asuba ta buge shi a fuska kamar gaisuwar tsohon aboki. A masallaci, mutumin da ya tsaya a gurbinsa ya gan shi, ya matsa ba tare da magana ba. Daga ranar bai sake makara ba har kwana goma suka cika.

Suka koma gaban alƙali. Ya ce, "Sau nawa?"

"Sau biyu, Allah ya gafarta Malam. Na faɗi."

"Katanga tana nan?"

"Tana nan."

"To, ka faɗi, na kuwa taya ka murna. Saura tambaya ɗaya. A shekarun nan talatin, wa ke kashe fitila a gidanka?"

Mijinyawa ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ita ce. Da na dawo daga isha'i na ɗauki fata, sai ta zo ta tsaya a kaina ta ce, 'Baduku, fata ba ta da ƙafa, gobe za ka same ta inda ka bar ta.' Ta hure wutar. Kullum sai na yi mata faɗa."

Delu ta sa bakin mayafi ta share ido.

Alƙali ya ce, "Wutar Delu tana samunka ne ka riga ka ƙoshi da barci, shi ya sa take isarka. Da mai hure fitila ta tafi, ka kasa haɗa ido da duhu, ka zauna da ɗinki har dare ya raba. Mai irin wannan barci kuwa ko gobara aka hura masa a taga ba zai gani ba. Ba laifi ba ne mutum ya yi kewa. Amma ka sani, matarka ta shekara talatin tana tashinka asuba tun daga isha'i. Ga fitilarka. Aikin da take yi maka, yanzu ya dawo hannunka."

Mijinyawa ya karɓa da hannu biyu. Ya juya ya nemi gafarar Shekarau, ya dubi Delu ya ce, "Sannu da hayaƙi."

Ta ce, "Yawwa, yau dai na ji ta!"

An ce ya rayu shekaru bayan haka, kowane dare in ya dawo daga isha'i yakan hure fitila da kansa, ya yi wa Tabawa addu'a, ya kwanta. Masu hikima suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Haka nan mai son ya ga asuba, tun isha'i yake kashe fitilarsa.