Manomin da Ɗan Mesarsa Ya Ƙi Ci

Akwai wani manomi mai suna Yunana, mutum ne mai son a gan shi. Wata rana yana sassabe a bakin fadama sai ya tsinci ɗan mesa, ɗan ƙarami, kaurinsa bai fi babban yatsa ba. Ya jefa shi cikin hula, ya kawo gida, ya sa shi a ƙwarya ya rufe da faifai.

Tun daga ranar ƙauyen bai ƙara hutawa ba. In mata suna bakin rijiya, sai Yunana ya zo ya ce, "Ku ɗanɗana sabuwar gyaɗa." Da ya ɗage faifai sai ihu, kowace ta yar da guga ta arce. In maza suna hira a gindin ɗorawa, sai ya rataya shi a wuya yana taƙama, yana cewa, "Duk yankin nan wa ya isa, in ba ni ba?"

Amma ɗan mesa ya ƙi ci. Yunana ya tara jama'a su ga yadda zai haɗiye ɓera, ɗan mesa ya dunƙule ya ɓoye kansa. Ya kawo ɗan tsako, haka. Har tsire ya gwada masa, a ƙarshe shi Yunana ya cinye abinsa.

Matarsa Rifkatu ta ce, "Maigida, abin nan naka fa fata ta fara yi masa yawa. In mutuwa zai yi, kada ya mutu mini a ɗaki."

Hankalin Yunana ya tashi, gama yana ƙaunar ɗan mesan nan ƙwarai. Sai ya ɗauki ƙwarya ya tafi wurin wani tsohon gardi, wanda ya tsufa cikin wasa da macizai.

Tsohon ya duba ya ce, "Ɗana, sau nawa kake buɗe shi a yini?"

"Ai Baba, duk wanda ya zo sai ya gani."

"To, kai ne ciwonsa. Maciji ba ya ci ana kallonsa. Sa shi a tukunya mai huji, kusa da bangon murhu inda akwai ɗumi. Jefa masa ɗan ɓera, ka rufe. Kada ka taɓa, kada ka leƙa, kada ka nuna wa kowa sai bayan kasuwa ta ci."

Yunana ya yi haka. Ran kasuwa abokansa suka cika ƙofar gida.

"Sarkin macizai, fito mana da shi!"

"Yana hutawa."

"Hutawa, ko dai ya sheƙa? Kai, wataƙila dama igiya ce kake tsorata mata da ita!"

Aka fashe da dariya. Yunana ya shiga ciki a fusace, ya ɗora hannu a kan murfin tukunya. Sai ya tuna maganar tsohon gardi. Sa'an nan ya janye hannunsa, ya fito ya zauna, suka yi ta yi masa ba'a har suka gaji.

Kashegari ya ɗaga murfi a hankali. Babu ɓera. Ga ɗan mesa kwance, tsakiyar cikinsa ta yi tulu.

Ma'anar misalin nan kuwa ita ce: ɗan mesa ranka ne, abincinsa Maganar Allah ce. Da yawa cikinmu muna yawo da bangaskiyarmu a wuya domin a gani. Mu ne a gaban mawaƙa, mu ne masu doguwar addu'a in an taru, amma a ciki rai yana ramewa, gama ba mu taɓa barinsa shi kaɗai da Ubangiji ba. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, nemi wurin da ba mai yaba maka, ka zauna shiru a gaban Allah. Mutane za su ce ka yi sanyi. Bar su su faɗa. Gara a yi maka dariya ran kasuwa da ranka ya mutu da yunwa ana yi maka tafi.