Gonar Hayin Rafi

Akwai wani mutum mai cika baki da ya gaji gona a hayin rafi. Kullum a dandali sai ya bugi ƙirji ya ce, "Ni ruwa ke tsoro. Ko rafi ya cika ya batse, da fartanya a kafaɗa nake ratsa shi. Bana sai na gina rumbu na biyu."

Alhali kuwa tunda aka haife shi ruwa bai taɓa wuce masa idon sawu ba.

Da damina ta faɗi, matarsa ta ɗauko irin dawar da ta ɓoye tun kaka, wanda ta hana 'ya'yanta ci ko da yunwa ta matsa, ta ba shi. Kowace safiya sai ya saɓi fartanya ya nufi rafi. In ya isa, ya duba gabas ya duba yamma, ya yayyafa wa wandonsa ruwa, ya shafa laka a ƙafa, ya shige gindin tsamiya ya yi ta minshari. Irin kuwa ya cusa shi a kogon itacen, gara ta sha biki. Da la'asar ya dawo yana nishi, wai a ƙara masa tuwo, aiki ya ci shi.

Matar ta ji tausayinsa. Ba ta gaya masa ba, ta kira masa gayya, ta dama kunu tulu guda. Da safe sai ga mutanen gari da fartanyu da makaɗa, har da surukinsa. Suka sa shi gaba sai rafi.

Kowa ya tattare riga ya shiga. Tsofaffin mata ma suka haye da kunu a ka, ruwa iya cinya. Gogan naku ya toge a gaɓa.

Surukinsa ya waiwayo ya ce, "Taho mana ka nuna mana iyakar gonar."

Ya ce, "Baba, ku yi gaba, ƙaya ce ta soke ni."

Suka hau tudu, ba kunyar noma ko ɗaya, ba tsiron dawa ko ɗaya, sai gamba ta fi mutum tsawo. Makaɗa suka ajiye ganguna.

Matar ta dire tulu, ta ɗaga murya daga hayi: "Maigida, ina irina? Na hana 'ya'yana ci, na ba ka! Da ka ce tsoro kake ji, da ni na riƙe hannunka na haye da kai. Yanzu me za mu ci bana? Bakin naka?"

Yana tsaye shi kaɗai a gaɓa, gari duka na kallonsa.

To, ga ma'anar misalin, kowa ya buɗe kunne. Gonar ita ce alherin da Ubangiji ya ajiye maka gaba da inda ka saba. Rafin shi ne tsoronka. An ce ka shiga ajin koyon karatu, ka ce ka tsufa. An ce ki ja waƙa a zumuntar mata, kin ce mura. An ce ka je ka nemi gafarar ɗan'uwanka, shekara nawa kana cewa gobe? Jin tsoro ba laifi ba ne, faɗi a kama hannunka. Abin da ke ƙona mini rai shi ne mutum ya rufe tsoronsa da fankama, iyalinsa su kwana da yunwa saboda shi.

Ku daina satar kallon na kusa da ku. Da ku nake.