Rabin Allon da Sorcha Ta Bari a Kan Teburi

Gobnait maƙwabciyata ce ta fara ba ni labarin nan, ranar da ruwan sama ya tsare mu a kicin ɗinta. A gidan yayanta abin ya faru, don haka kada wani ya ce ƙirƙira na yi.

Akwai wani masassaƙi a ƙauyenmu na bakin teku a yankin Mayo, sunansa Malachy, shi ne yayan Gobnait. Baƙin itacen nan mai nauyi da ake tonowa a fadama, shi yake sassaƙawa. Duk gidan da ka shiga akwai aikinsa a bango: ƙulli marar farko marar ƙarshe, ko ganye mai kunne uku, da addu'ar albarka a ƙasa.

Yana da wata al'ada tasa. In ɗan ƙauye zai tsallaka teku neman aiki, sai ya sassaƙa hannaye biyu riƙe da zuciya, ya raba allon biyu ta tsakiyar zuciyar. Matafiyi ya tafi da hannu ɗaya, ɗayan a rataye a saman ƙofar gidansu. Ranar dawowa ake haɗawa, a karanta addu'ar a cike.

'Yarsa ɗaya ce tak, Sorcha. Uwarta ta rasu tun tana goye, shi ya raine ta. Da ta gama karatun jinya ta samu aiki a Kanada, wata uku ya yi yana sassaƙa nata, har da sunanta a rabin da za ta tafi da shi.

Ranar tafiya ya miƙa mata. "Ga naki, 'yar tsuntsuwata."

Ta ɗaga, ta yamutsa fuska. "Baba, wannan ai dutse ne! Kilo ashirin da uku kawai aka yarda mini a jirgi. Takalmana ma ban gama zubawa ba."

"Rage takalman mana. Ƙafa nawa gare ki?"

"Kai, Baba. Irin wannan ai 'yan yawon buɗe ido ake sayar wa a birnin Galway. Da Kirsimeti zan zo in ɗauka."

Gobnait ta harare ta. "Ke 'yar nan, ɗauki abin nan ki daina yi wa ubanki iyayi."

"Goggo, katako ne fa."

Ta ajiye shi a kan teburi kusa da burodi, ta sumbaci ubanta a ka, ta fita. Malachy ya ce, "Ƙyale ta, Gobnait. Itacen nan ya daɗe yana jira a ƙarƙashin ƙasa. Wata huɗu ba za su gajiyar da shi ba."

Kirsimeti ta zo ta wuce. Ta sake zuwa ta wuce. Kada ku zagi Sorcha, ba muguwa ba ce. Tana kiran waya, tana aiko da rigunan sanyi. Sai dai rigar sanyi ba ta zama ta sha shayi da mutum.

A shekara ta biyar idonsa ya fara tafiya. Ya rufe shagonsa, ya koma kujerarsa ta bakin murhu. In ta kira ta ce, "Baba, yaya idon?" sai ya ce, "Garau! Daga nan ina hango Kanada. Kin yi ƙiba." Ta yi dariya ta ce baɗi, in Allah ya yarda.

A shekara ta tara Gobnait ta ɗauki waya da kanta ta kira Sorcha. "In kina so ki tarar da hannunsa da ɗumi, ki taho."

"Goggo, bari in ƙarasa aikin makon nan."

Ranar Asabar ta sauka. Tun Alhamis ya cika.

Bayan an dawo daga makabarta, Gobnait ta hau kujera ta sauko da rabin da ke saman ƙofa. Ɗaya rabin kuma a kujerar Malachy yake. Ta miƙa mata duka. "Haɗa. Ba shi nan, amma haɗa."

Hannayen biyu suka kama zuciyar tsaf. Sorcha ta karanta: "Ƙofar da ta fitar da ke, Ubangiji ya sa ita za ta karɓe ki."

Sai ta duba ƙasan allon. "Goggo, ina sunana? Da idona na ga ya sassaƙa shi a nan."

Wurin ya yi sumul, yana ƙyalli, haruffan sun kusan ɓacewa.

"Yatsansa ne ya cinye shi. Tun da ya makance allon yake kan cinyarsa. In na ce ajiye ka ci dankalinka, sai ya ce bari, hira yake da 'yarsa."

Sorcha ba ta yi kuka nan take ba. Kicin ta shiga, ta ɗora rabin nata a kan sikelin auna fulawa. Kilo ɗaya da rabi. A nan ta fashe da kuka.

Da za ta koma, duka biyun ta tafi da su, a rungume. Babu wanda za a bar wa ɗayan.

Nan Gobnait ta gama labarinta. Washegari da safe na ɗauki sandata na hau bas zuwa garin Sligo, wurin yayata da na yi shekara huɗu ina ce wa sai sanyi ya wuce. Na tarar da ita a zaune tana kallon ƙofa.

Darasi: 'Ya'yana, itace yana jira, tsoho ba ya jira. Abin da iyaye suka miƙo da hannu biyu a karɓa da hannu biyu, ko da a rage takalmi. Wanda nasa suke raye ya daina cewa baɗi. Ku tura wa ɗan'uwanku da ke nesa, ku ce kaka ce ta ce ya je gida.