Littattafan da Malam Lawal ya kulle

Akwai wani dattijon malami a wani ƙauye kusa da Mawashi, a ƙasar Kusada, sunansa Malam Lawal. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana koyarwa a firamare. Da ya yi ritaya, mutanen gari suka damƙa masa makarantar Islamiyyarsu mai aji uku.

Mutum ne mai gaskiya, amma ya gaji. Ya sha ganin littafin da ya bayar aro an naɗe ƙosai da shi. Ya sha ganin yaro ya yage shafi ya yi jirgi. A hankali sai ya yanke wa kansa hukunci cewa mutanen ƙauyen nan ba su san darajar takarda ba.

Wata rana wani tsohon ɗalibinsa, Abdurrahim, da ke aiki a Kaduna, ya aiko masa da kwali biyu ta tashar Kankia. Da aka buɗe, sai ga littattafan yara: ƙissoshin annabawa cikin sauƙaƙan Turanci, littattafan addu'o'i da Larabci da fassara, da na koyon Turanci masu bayani da Hausa. A wasiƙar da ya haɗo da su ya ce, "Malam, ni Turanci ne ya wahalar da ni a sakandare. Ina so 'yan ƙannena su koye shi ba tare da sun bar karatun addini ba."

Malam Lawal ya shafa littattafan ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kabad ɗin ofis, ya danna kwaɗo.

Malama Shamsiyya, mai koyar da aji na uku, ta tambaye shi yaushe za a fara raba wa yara.

Ya ce, "Sai sun yi hankali. Kin ga hannuwansu kuwa?"

Labari ya kai wata ruga da ke bayan gari. A nan Hawwa'u take, mai tallar nono. 'Yarta Mairama tana aji shida a firamare, kuma za ta zauna jarrabawar shiga sakandaren kwana ta 'yan mata. Lissafi ba ya ba ta wahala, amma in aka ce ta karanta Turanci sai ta kasa.

Hawwa'u ta sauke ƙwaryarta a bakin ofis, ta durƙusa.

"Allah shi gafarta Malam, an ce an kawo littattafai. Ɗiyata nake roƙa wa ɗaya, aro."

Bai ko ɗago kai daga rajistar da yake cikewa ba. "A ruga za a ajiye shi? Tsakanin awaki da hayaƙi? Baiwar Allah, waɗannan ba na wasa ba ne."

Ta yi godiya ta tafi. Bayan mako ɗaya ta dawo, ya ce ba ya da lokaci. A zuwa na uku sai ta zauna a inuwa har aka tashi yara. Malama Shamsiyya ta shiga ofis ta ce, "Malam, matar nan tun hantsi take zaune, nononta ma bai saidu ba."

Don dai ya rabu da ita, ya buɗe kabad ya zaro guda ɗaya wanda bangonsa ya yage tun a mota, ƙissar Annabi Yusuf. Ya miƙa mata ba tare da ya kalle ta ba.

Damina ta sauka. Malam Lawal ya koma gonar geronsa, makaranta ma rabin yara ke zuwa. Makullin yana aljihunsa, hankalinsa kwance.

Da Babbar Sallah Abdurrahim ya zo gida. Bayan an gaisa ya ce yana so ya ga yadda yara ke amfana. Malam Lawal ya kai shi ofis da ƙarfin gwiwa, yana cewa, "Za ka same su yadda ka aiko su."

Ya buɗe kwaɗo. Ƙasa ce ta fara zubowa. Bangon bayan kabad ya sha ruwa, gara ta biyo ta cikinsa ta yi gida. Ya ɗauki littafi ɗaya, ya ruguje a hannunsa. Ya ɗauki na biyu, bango ne kawai.

A hankali Abdurrahim ya ce, "Malam, yara nawa suka karanta kafin haka ta faru?"

Malam Lawal ya zauna a kan benci.

Washegari da la'asar ya ɗauki sandarsa ya nufi rugar. Tun daga nesa ya ji muryar yarinya tana karatu. A gindin wata tsamiya ya tarar da yara kusan goma sha biyu, har da waɗansu 'yan makarantarsa. Mairama tana karanta jimla da Turanci, ta fassara da Hausa, ta sake faɗa wa ƙananan da Fulatanci. Littafin ya yi baƙi da hannu, an ɗinke bayansa da zare, amma ko shafi ɗaya bai ɓace ba.

Hawwa'u ta fito, ta ga ko wane ne.

"Malam, karɓa ka zo yi? Don Allah ka bar su zuwa jibi. Shafi uku ya rage wa ƙananan yaran, suna so su ji ko Annabi Yusuf zai yafe wa 'yan'uwansa."

Ya jingina da sandarsa. Ya ce, "Ba karɓa na zo yi ba, Hawwa'u. Sauran duk gara ta cinye. Na zo ki yafe mini, kuma ki ba ni izini in riƙa zuwa ina kwafe shi."

Kwana tara ya yi yana zuwa, da tabarau da biro, yana kwafa a kan kwalayen da Malama Shamsiyya ta roƙo a shagunan Kankia. Idonsa ba ya gani sosai, don haka Mairama ce ke karanta masa, yana rubutawa. Da sakamakon jarrabawa ya fito, Mairama ta samu gurbi a sakandaren. Kwalayen nan su ne 'yan aji na uku ke karantawa har yau.

Darasi: Ilimi amana ne da aka ba ka domin ka isar, ba domin ka tsare ba. Kada gajiya da halin wasu ta sa ka raina wanda ya zo da gaske. In akwai littafi a gidanka da ba mai buɗewa, nemo yaron da zai karanta shi tun yau. Ku tura wa iyaye da malaman da kuka sani, wataƙila akwai kabad da za a buɗe saboda ku.