Hatimin Burodin Coci

A ƙauyenmu na Bukobina babu wadda ta kai Saveta ibada, kuma babu wanda ya fi ta sanin haka. Ita ce farkon shiga coci, ita ce ƙarshen fita. Aibinta ɗaya ne: ba ta iya ganin alheri a hannun wani ta haɗiye miyau.

Da tsohuwar da ke gasa burodin jibin Ubangiji, wanda ake raba wa masu ibada a coci, ta rasu, Saveta ta share murhunta tana jiran a kawo mata hatimi. Wani ɗan katako ne da ake danna wa ƙullun kafin a gasa, in babu shaidarsa ba a ɗora burodi a kan bagadi. Sai Fada Ilarion, limamin cocinmu, ya ɗauka ya ba Domnika, matar da ta shekara bakwai tana shan barasa bayan mutuwar mijinta, kwanan nan ta daina.

Saveta ta tare shi a ƙofar coci. "Fada, ko dai gilashinka ne ya ɓata? Domnika fa! Wadda muka sha tsamowa daga kwata?"

"Ita dai," in ji shi. "Ki taya ta da addu'a."

Addu'a kam ba ta yi ba. Haushin ma shi ne burodin Domnika yana tashi fes. Duk Lahadi Saveta na taunawa tana neman aibi ba ta samu, ta koma gida zuciyarta na tafasa.

Ana jibi Lahadin yafiya, wadda ake shiga babban azumi da ita, ta je gidan Domnika wai aron rariya. Ta faki idonta ta zura hatimin a aljihu.

Ran Lahadi Domnika ta zo da burodi ba shaida, idanunta sun kumbura. Mata suka fara raɗa: "Ta kai hatimin kantin barasa. Mai hali ai ba ya fasa halinsa." Nan Saveta ta buɗe kwandonta. "Ga nawa, Fada. Da hatimin kakata na yi, don dai kada a rasa." Domnika ta dubi burodin, ta dubi Saveta. Wata biyar tana danna wannan katako, ta san kowane zane nasa. Ta koma wurinta.

Bayan sujada, kamar yadda muka saba, kowa ya bi kowa yana rusunawa yana neman gafara. Domnika ta durƙusa gaban Saveta, ta ce a hankali, "Yaya Saveta, ki yafe mini. Na san kina so, na kuma ji daɗin ganin kina ƙuna. Ki riƙe hatimin. Kada dai ki jiƙa shi da ruwa, tsagewa yake yi."

Saveta ta amsa da "Allah ya yafe mana", amma da ƙyar maganar ta fita.

Aikin ya dawo hannunta. Ran Asabar ta tsaya gaban ƙullu. Mai gasa wannan burodi da addu'a take kwaɓawa, kuma ba ta taɓa gari alhali tana da alhakin wani a wuyanta. Ta buɗe baki, addu'a ta ƙi zuwa. Ta wanke hannu ta tafi wurin Fada ta faɗi komai.

Ya ce, "Kin ɗauka don ta fi ki na ba ta? Ran Asabar mijinta ya mutu, ran Asabar take sha. Na nema wa hannunta abin riƙewa ne a ranar. Yau wace rana?"

Saveta ta fita da gudu, ga shekaru ga ciwon gwiwa. Ta tarar da Domnika zaune a ƙasa kusa da murhun da ba wuta, kwalba a gabanta, an sha rabi.

"Kin zo ki gani?" in ji Domnika. "To ga ni. Je ki gaya musu gaskiyarsu ce."

Saveta ta fashe da kuka. "Ni ce na zuba miki wannan, 'yar'uwa. Tashi."

Ta wanke mata fuska, ta hura wuta, ta jira har ta wartsake. Suka kwaɓa ƙullu tare. Da aka zo danna hatimi, sai Saveta ta ɗora hannunta a kan na Domnika suka danna. Shaidar ta ɗan karkace. Washegari Saveta ta tsaya gaban jama'a ta faɗi abin da ta yi, Fada kuma ya ɗauki wannan burodi ya ɗora a kan bagadi.

Darasin shi ne, Allah ba ya jira mutum ya zama cikakke kafin ya ba shi aiki, sau da yawa aikin ne igiyar da yake jawo shi da ita. Kafin ka yi hassadar abin da ke hannun ɗan'uwanka, ka tuna ba ka san ramin da yake riƙe shi daga faɗawa ba. Alherin da ya ishi mashayiya ya ishi mai hassada, muddin ta yarda ita ma mabukaciya ce.