Yadda Zakara Ya Fanshi Wuyansa da Barcinsa

Ga ta nan ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, in ta yi tsawo mu datse.

A wani gari an yi wani maigari, sunansa Barmo. Allah ya ba shi cikakken rumbu da tumbi a gaba, sai ya hana shi abu guda, barci. In ya kwanta sai juyi, sai tsaki, sai kallon azarar ɗaki har gari ya waye. Da hantsi kuwa sai ya baje a zaure, ana shari'a yana minshari.

Labari ya bazu Maigari ba lafiya. Sai 'yan dubiya suka yi ta tururuwa, kuma kun san mutanenmu, ba a zuwa gaban babba hannu rabbana. Kowa da ƙullin goronsa. Barmo kuwa ba ya mayar da hannun kyauta baya. Duk wanda ya miƙo, sai ya ɓara ya ci a gabansa don kada ransa ya ɓaci. Tun safe har bayan isha'i bakinsa jawur.

Sai aka kira boka. Ya zana ƙasa, ya ce kwaɗi ne ke hana Maigari barci. Aka cike kududdufi, barci bai zo ba. Ya sake zane, ya ce karnuka ne. Aka kore karnukan gari, kuraye suka yi biki da awakin talakawa, barci bai zo ba. Boka ya ga abincinsa zai ƙare, ya waiga, sai idonsa ya faɗa kan Zakara. Ya ce ga ɓarawon barcin nan, a yanka shi Maigari ya sha romo.

Aka kamo Zakara, aka wasa wuƙa. Shi kuwa a ƙofar zaure yake kiwo kullum, ya daɗe da ganin inda cutar take.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, wuyana naka ne. Amma romona ba ya aiki sai mai sha ya kama ni da hannunsa, da rana tsaka, kuma ba goro a bakinsa. Da na ji ƙamshin goro, barcin da na sata sai ya fice daga jikina."

Boka ya so ya musa, sai ya tuna shi ma da ƙarya yake cin tuwo. Ya gyaɗa kai, ya ce haka abin yake a wajen iskoki.

Sai aka saki Zakara. Barmo ya tuɓe babbar riga ya bi shi. Zakara ya shige ƙarƙashin rumbu, Barmo ya bi, tumbi ya maƙale, sai da fadawa suka jawo shi ta ƙafa. Zakara ya haye danga, Barmo ya haye, danga ta kwanta da shi. Zakara ya ratsa turken jakuna, Barmo ya ratsa, ya fito da kashi har gwiwa. 'Yan dubiya na tsaye da goronsu ba mai karɓa. Har rana ta faɗi Barmo bai zauna ba, balle ya yi gyangyaɗi.

Ya ci tuwo, ya yi sallah, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa ya sake dabara. Sai minshari, har jakuna suna amsa masa.

Da safe Zakara ya zo yana taƙama, yana jiran tukuici. Barmo kuwa tumbi gare shi, ba wauta ba. Ya sallami boka, ya ce goron yamma a riƙa ba fadawa, sannan ya dubi Zakara.

Ya ce, "Na gane maganinka, na kuma gode. Amma in na yafe maka, ba za ka ƙara gudu da gaske ba. Saboda haka yau ma a guje, in ban kama ka ba gobe zan yanka ka."

Haka suke har yanzu. Kullum tsere, kullum a ce yanka sai gobe, kullum Barmo ya yi barci kamar gawa. Zakara kuwa, abin tausayi, yana bisa katanga ido biyu, wuƙa na yawo a kansa. Shi ya sa tun kafin asuba kuke jin ihunsa, tambaya yake ko goben ta yi.

Mai neman barci ya gajiyar da jiki, ya bar goron yamma da barcin rana, kada kuma ya kwanta da gobe a ka. Mai yi wa babba magani kuwa, ya fara jin ladansa tukuna.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, na Zakara dai yana nan a wuyansa.