Carbi Mai Ƙwaya Casa'in da Biyu

Abin ya soma ne ranar Talata, sha ɗaya ga watan Rajab, cikin bazara, bayan sallar la'asar da kaɗan. In an bi agogon yanzu, wajen ƙarfe huɗu da rabi ke nan. A zamanin da ne, a wata ƙasa wadda sunanta bai iso gare mu ba, sai dai sunan sarkinta, Mantau.

A bazarar nan sanƙarau ya shiga gidan sarki. Cikin kwana tara ya ɗauke 'ya'yansa huɗu, su ke nan gare shi: Jibir, da Nomau, da Ramatu, da ƙaramarsu Kuluwa wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Sarki bai yi kuka ba. In an ajiye masa abinci ya ci, in an yi kiran salla ya tashi. In an ce masa "ya haƙuri", sai ya ce "da godiya", kamar wanda ake ba labarin wani gari.

A wannan Talatar, kwana uku da binne Kuluwa, ana zaman makoki a zauren fada. Liman Shu'aibu ya ɗauko carbinsa ya shiga karanta kyawawan sunayen Allah casa'in da tara, kamar yadda aka saba a ƙasar in an yi rashi, kowane suna da ƙwayarsa, jama'a na biye da shi. Ya ce Al-Muhyi, Mai rayarwa. Ya ce Al-Mumitu, Mai kashewa. Sai sarki ya ɗaga hannu.

Sarki ya ce, "Malam, irin wannan sunan guda nawa ne a ciki?"

Liman ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wane iri?"

"Waɗanda Yake karɓewa da su."

Liman ya dubi Waziri Barmo, waziri ya dubi ƙasa. Sai liman ya lissafa a hankali: Al-Ƙabidu, Mai damƙewa, Al-Khafidu, Mai sauke na sama, Al-Muzillu, Mai ƙasƙantarwa, Al-Mumitu, Al-Muntaƙimu, Mai ɗaukar fansa, Al-Mani'u, Mai hanawa, Ad-Darru, Wanda cuta ke hannunSa. Bakwai.

Sarki ya ce, "Daga yau kada a ƙara ambaton bakwai ɗin nan a ƙasata, ko a masallaci ko a ɗaka. Kowane carbi a tsinke shi, a cire ƙwaya bakwai a kawo fada. Wanda aka ji ya faɗi ɗayansu, a miƙa shi ga hauni."

Hauni shi ne mai sare kan wanda aka yanke wa hukuncin kisa.

Waziri Barmo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, sunayen nan ba namu ba ne."

Sarki ya ce, "Ban ce namu ba ne, Waziri. Ban kuma ce ba nasa ba ne. Kunnuwan ne nawa."

Bai ɗaga murya ba. Mai shela ya kewaya gari kafin magariba. Cikin mako guda an tara ƙwayoyin carbi a fada, na itace da na ƙashi da na 'ya'yan itatuwa, sai da suka cika masaki uku.

Wahalar farko ta faɗa ne kan tsofaffi. Hannunsu ya saba da talatin da uku sau uku bayan kowace salla. Yanzu in sun zo zagaye na uku sai carbi ya ƙare a ashirin da shida, yatsa na neman abin ja babu. Wasu suka riƙa cike bakwai ɗin da gaɓoɓin yatsu a cikin aljihu. Wahala ta biyu a gidajen makoki take. Mutane sun ji tsoron cewa "Shi Ya bayar, Shi Ya karɓa", don ba su san iyakar dokar ba. Sai a zo, a zauna a tabarma, a dubi mai rashi, a tashi. Haka aka yi kwana talatin da biyu, kuma ba a fasa mutuwa ba.

Akwai wata tsohuwa a garin, Tabawa, ungozoma ce, ita ce kuma mai wankan gawar mata. Tana da wata al'ada a wajen aikinta. In naƙuda ta matso mace sai ta ce "Ya Ƙabidu", in ta saki sai ta ce "Ya Basiɗu", wato Mai shimfiɗawa, don mai haihuwa ta san kowace matsa tana tafe da sakinta. Shekara arba'in tana yin haka. Ranar Asabar, sha uku ga Sha'aban, da hantsi, matar wani maƙeri ta sha wuyar haihuwa, ɗan ya zo a gicciye. Tabawa ta manta da sarki, ta yi ta kiran sunayen nan biyu da ƙarfi har ɗa ya faɗo da rai. Wani dogari yana bayan zana ya kawo gyaran mashi, ya ji. Ya bari ta yanke cibiya, sa'an nan ya tafi da ita.

A fada sarki ya tambaye ta, "Kin ji doka?"

Ta ce, "Na ji, Zaki. Cikin ne bai ji ba."

Wani bafade ya daka mata tsawa. Ta juya ta dube shi ta ce, "Kai ɗan Gwamma, rufe mini baki. Da ƙafa ka zo, sai da na juya ka."

Ta sake fuskantar sarki. "Huɗun nan naka ni na karɓe su da hannun nan. Biyu daga ciki ni na wanke. Hannun ɗaya ne, ranka ya daɗe, ban sake wani ba."

Sarki ya dubi hannayen, ya ce, "A kira hauni."

Waziri Barmo ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tun kakanni ba a zubar da jinin tsoho a ƙasar nan sai an ba masana kwana uku su nema masa mafita." Gaskiyar magana babu wannan al'ada. Amma fadawa duka suka ce haka ne.

Sarki ya ce, "To. Tambaya ɗaya ce. Wanda Ya ɗauke mini huɗu cikin kwana tara, da wane suna zan kira Shi? In an ba ni amsa ta tafi gida. In Talata ta yi la'asar babu amsa, hauni ya yi aikinsa."

Ran Lahadi Liman Shu'aibu ya zo da littattafai a gafaka. Ya yi bayani cewa malamai sun hana raba irin waɗannan sunaye da abokansu: ba a cewa Mai damƙewa a bar Mai shimfiɗawa, ba a cewa Mai saukewa a bar Mai ɗaukakawa, kuma duka casa'in da taran na Ɗaya ne, ba wani ne ke bayarwa wani ke karɓa ba. Bai iya faɗin sunayen ba saboda doka, sai ya riƙa nuna su da yatsa a takarda. Maganarsa daidai ce, babu kuskure a ciki. Sarki ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Na san wannan, Malam. Kai ka koya mini ina yaro. Ba ta shiga ba."

Ran Litinin aka kawo wani malami baƙo da ya zo tare da fatake, mai daɗin baki. Ya ce sarki ya kira Shi da Mai tausasawa, da Mai jinƙai, domin yaran suna can cikin ni'ima suna wasa, an tsare su ne daga wahalar duniya. Sarki ya ce, "Malam, ka taɓa binne ɗa?" Ya ce a'a, Allah bai ba shi haihuwa ba. Sarki ya ce a ba shi riga, a raka shi masauki.

Ran Talata da azahar hauni ya zo ya zauna a gindin bango da takobinsa. Babu malamin da ya zo. Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, saura masani ɗaya, amma ba ya iya tasowa. Sai an je masa."

Sarki ya miƙe bai tambayi ko wane ne ba. Waziri ya shige gaba, ya bi da shi ta zaure biyu da tsakar gida, ba waje ba, ya tsaya a ƙofar Mai Babban Ɗaki, mahaifiyar sarki. Shekara uku tana kwance, ɓarin jikinta ɗaya ya mutu, bayanta duk gyambo. Tabawa ce ke zuwa safe da yamma tana juya ta tana wanke gyambon, don ba ta yarda da hannun kowa ba. Sarki bai taka ɗakin ba tun ranar da Jibir ya rasu. Waziri ya tsaya a waje.

Ɗakin yana wari. Tsohuwar ta ce, "Wa ke nan? Au, kai ne. Zauna, kada ka tsaya mini a ka."

Ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Iya, ya jiki?"

"Ga shi kana ji da hancinka. Kwana uku ba a juya ni ba. An ce ka hana kiran suna."

"Na hana."

"Da ka zo ka tambaye ni, ni na san wannan sana'a. Kai ne ɗan farina. Shekara hamsin da ɗaya ban taɓa kiran sunanka ba, ko sau ɗaya, don kunya. Ka ragu da wani abu? Ga ka nan zaune, da rawaninka da wautarka."



Ta ce, "Ni kullum roƙona ɗaya ne: in zama ya fi mini alheri Ya bar ni, in tafiya ta fi Ya sallame ni. Sunan da ka tsana, ni shi nake jira kamar mai jiran ayari. Ka hana ni kiransa a ɗakina. Sa'an nan ka hana a ambaci Mai kashewa, kai kuma ka aika a wasa takobi. Aikin nasa kake so ka karɓa?"

Ya ce, "Iya, ba na jin komai. Ko fushi ba na ji. Na ɗauka in na daina jin sunan zan ji wani abu."

"Ka ji?"

"A'a."

"To. Mece ce tambayar taka da ta gagari malamai?"

Ya faɗa mata.

Ta ce, "Wannan ce? Kira Shi da abin da Ya yi. Bai ɓoye ba, Shi Ya sa wa kanSa sunan. Faɗi in ji."

Sarki ya ce, "Ya Mumitu."

"Wa Ya kashe?"

"Jibir. Nomau. Ramatu." Ya tsaya. "Kuluwa."

Tun rasuwarsu bai ambaci sunan ko ɗaya ba sai ranar.

Ta ce, "Madalla. To, me ke biye da shi a carbi? A nan ka tsayar da liman, mako biyar gari na tsaye a wurin."

Ya ce, "Al-Hayyu."

"Rayayye. Sai me?"

"Al-Ƙayyumu."

"Tsayayye da kanSa. Ci gaba, ba ni zan ja maka ba."

Ya ci gaba, suna bayan suna, da murya ɗaya ba hawa ba sauka, bai tsallake ko ɗaya ba, har ya kai As-Saburu, Mai haƙuri, wanda shi ne na ƙarshe. Bai yi kuka ba. Wasu masu ba da labarin nan suna cewa ya yi, amma wanda ya ba ni shi ya ce bai yi ba, kuma na fi yarda da shi.

Tsohuwar ta ce, "Yanzu tashi ka aiko mini da Tabawa. Bayana na ci."

Ya fito ana kiran la'asar. Ya ce wa waziri a sallami hauni, a saki Tabawa, a janye doka. Ya ƙara da cewa, "Wannan al'adar ta kwana uku, Waziri, ban taɓa jin ta ba." Waziri ya ce shi ma bai taɓa ji ba. Sarki ya ce daga yau ta zama al'ada, a rubuta.

Aka fito da masakan nan uku ƙofar fada, aka ce kowa ya ɗauki bakwai. Babu wanda ya gane nasa. Shi ya sa aka daɗe ana ganin carbin mutanen ƙasar da ƙwaya bakwai da ba su yi kama da sauran ba. Dogarin da ya kama Tabawa ba a hukunta shi ba, tunda umarni ya bi, amma ita ta sa shi ɗebo mata ruwa wata guda.

Mai Babban Ɗaki ta rasu bayan kwana goma sha ɗaya, ranar Asabar da walaha, Tabawa ta wanke ta. A zaman makokinta Liman Shu'aibu ya karanta casa'in da taran cif, sarki na zaune yana bi. Ya yi mulki bayan nan da adalci, ba a ƙara jin wata baƙuwar doka daga bakinsa ba, ba a kuma cika ganin dariyarsa ba.

Waɗanda suka rage a gidan bayan an watse daga makoki su ne: Sarki Mantau. Waziri Barmo. Liman Shu'aibu, wanda idonsa ya soma rauni a shekarar. Tabawa, da aka ba ta ɗaki a ciki ta ƙi kwana a cikinsa. Uwar Jibir da Ramatu. Uwar Nomau, wadda ta nemi komawa garinsu daga baya aka bar ta. Bayi da barori goma sha tara. Sai Hurera, uwar Kuluwa, wadda a lokacin tana da cikin wata biyu, ita kanta ba ta sani ba tukuna. Abin da ta haifa, da ko ya rayu, ba a gaya mini ba.